Malam Obadiya da Ƙahon Kakansa

Shekarata goma sha ɗaya ina sakatariya a Sashen Nazarin Ɗan'adam da Al'adunsa, wanda ɗalibai suka gajarce suna ce masa Antiro, a wata jami'a a nan Bauchi. Sunana Ni'ima. Ƙofar ofishina tana kallon ƙofar ɗakin kayan gargajiya na sashen, saboda haka duk mai shiga da mai fita a kan idona yake. Makullin ɗakin nan yana hannun Malam Obadiya. Malamai suna ce masa Malam, ɗalibai suna ce masa Baba, shi kuwa kowa "ranka ya daɗe" ne a bakinsa, har ɗalibin da ya shigo aji ɗaya jiya.

Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, kullum da tsumma a aljihun baya. Ba shi da digiri, takardar sakandare ce kawai, kuma a fayil ɗinsa an rubuta "mai kula da ɗaki". Amma kayan da ke ɗakin nan sun haura ɗari huɗu, daga tukwane da ƙore zuwa kwari da baka, zugazugin maƙera, da tsofaffin fatanyoyi, kuma babu wanda bai san garin da ya fito ba. Babbar abokiyar gabarsa gara ce. Duk Litinin sai ya janye kabad-kabad ya leƙa bayansu, ya shanya kayan fata a rana, ya zuba kafur a lunguna.

Inda aka fi sanin darajarsa shi ne fita ƙauye. Kowace shekara 'yan aji uku suna tafiya sati biyu su zauna cikin mutane, su ga yadda ake noma, ake aure, ake binne mamaci. Shi ne tafinta, don yana jin yare uku ban da Hausa. Kafin a sauka daga mota sai ya miƙe ya ce, "Ku mayar da biro aljihu tukuna. Ku gaida mutum, ku tambayi gonarsa, ku sha ruwan da ya ba ku. Rubutu ba zai gudu ba." Akwai daktoci a sashen nan da suka faɗa mini da bakinsu cewa ba don shi ba da babu tsohon da zai buɗe musu baki.

A unguwar Yelwa yake zaune da matarsa Cecilia, wadda take da rumfar acca da riɗi a Kasuwar Muda Lawal. 'Ya'yansu huɗu, duk sun girma. Yana cikin mawaƙan majami'arsu. Lokacin Kirsimeti yakan kawo mini shinkafa da cincin, ni kuma in aika masa naman layya. Asalinsa mutumin Walgam ne, wani ƙaramin gari a gindin duwatsu can kudancin jiha. Abin da kowa ya sani shi ne, marigayi Farfesa Umar, wanda ya kafa ɗakin kayan, ya je bincike Walgam a 1994, ya ɗauki Obadiya tafinta yana saurayi, ya ga hankalinsa, ya taho da shi ya sama masa aiki. Ni ma iyakar abin da na sani ke nan, sai cikin watan Afrilun bara.

Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki, ana tsananin zafi, sai ga Khairat, shugabar ƙungiyar ɗaliban sashe, ta shigo da saurinta. 'Yar aji huɗu ce, mai kaifin baki da son a yi abu a gama. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsa, ina jin su.

"Baba, albishirinka!"

"Goro, ranki ya daɗe."

"Bana shekararka talatin cif a sashen nan. Ƙungiya ta yanke shawara ranar ƙarshe ta Makon Al'adu taka ce. Mun duba rajista mun ga ƙahon nan na cikin kabad ɗin gilashi daga Walgam ya fito, garinku. Shi za mu ɗora a tsakiyar baje koli. Kuma mun riga mun aika wa mutanenku takarda. Masu rawa za su zo, da dattijon da zai jagorance su, Baba Elisha. An ce ƙanin mahaifinka ne."

Na jira in ji dariyarsa, ban ji ba. Da na leƙa sai na gan shi ya laluba kujera ya zauna, tsumman yana hannunsa.

"Bappa Elisha ya ce zai zo?"

"Ya amsa, Baba. Nan da sati uku."

"Tsoho ne fa. Ya haura tamanin. Hanyarmu kuma ba kyau."

"Mun yi maganar mota, bas ɗin jami'a ce za ta ɗauko su."

Ya ce ya gode. Khairat ta ɗauka daɗi ne ya hana shi magana, ta fita tana murna.

Tun daga ranar mutumin nan ya canza. Mun saba da tsakar rana in aika a sayo mana masa, mu ci kowa a ƙofarsa muna hira. Sai ya zama in an kawo tasa ya ɗan taɓa ya rufe. Sau biyu yana barin makulli a jikin ƙofa ya tafi gida, abin da ban taɓa gani ba. Ya riƙa bin Khairat da shawarwari. Yau ya ce ƙahon ya tsufa, kada a fito da shi iska. Gobe ya ce akwai wata ganga da ta fi shi kyau. Jibi ya ce masu rawar wani garin sun fi na Walgam iyawa. Ita kuwa ta ce, "Baba, kunya ce kawai take damunka," ta ci gaba da shirinta. Na tambaye shi ko jikin ne, ya ce zafi ne.

Duk Laraba da sha biyu muna da semina, inda malami ɗaya yake gabatar da bincikensa a gaban sauran malamai da ɗalibai. Ni nake rubuta sunayen mahalarta, Malam Obadiya kuma ya jera kujeru ya zauna a baya kusa da fanka. Larabar da ta rage kwana goma a yi bikin, maganar da aka yi a kan kayan gargajiyar da Turawa suka kwashe ce, da yadda ake neman a dawo da su. Ɗaki ya ɗauki zafi, kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Sai Khairat ta ɗaga hannu.

"Muna ta cewa su dawo mana da namu. To waɗanda ke ɗakin can fa? Mu ma daga hannun wasu muka karɓo su. Sun yarda?"

Shugaban sashe, Dokta Abdulbaƙi, mutum ne mai natsuwa, ya yi murmushi. "Tambaya mai kyau. Namu da yardar masu su aka karɓo. Ga shaida nan a baya. Malam Obadiya, ko ba haka ba?"

Kowa ya juya. Ya miƙe a hankali yana riƙe da bayan kujerar gabansa. "Haka ne, ranka ya daɗe," ya ce. Sannan ya ƙara, "Yawancinsu."

Aka kwashe da dariya, an ɗauka barkwanci ne. Ni da nake kusa na ga gumi yana bin wuyansa, ga shi kuwa a gindin fanka yake.

Washegari wajen ƙarfe biyu, sashe ya yi tsit, na gan shi ya fito daga ɗakinsa da wani dogon abu naɗe a buhu, ya maƙale shi a hammata. Bai kalli ofishina ba. Gabana ya faɗi, don na san babu abin da yake fita daga ɗakin nan sai da takarda, kuma ni nake buga takardar. Na rasa abin yi. In bi shi? In kira Dokta? Ina nan zaune ina juya biro, bayan kamar minti ashirin sai ga shi ya dawo, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya shigo ofishina, ya ajiye buhun a kan tebur, ya zauna ba tare da na ce masa bismillah ba.

"Malama Ni'ima, yau saura kaɗan in yi sata."

Na tashi na tura ƙofa, na ba shi ruwa.

"Na kai har bakin get," ya ce. "Ga keke napep na jira. Mai gadi ya ga buhun, na tsaya ya duba, sai ya ɗaga mini hannu ya ce, 'Wuce Baba, ai kai ba a bincikenka.' Wallahi ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Sai na ce masa na yi mantuwa."

Ya kwance buhun. Ƙahon gwanki ne baƙi, ya kai tsawon hannu, bakinsa ya yi sulɓi don busa, an ɗaure wata tsaga a gindinsa da jar waya. Na sha ganinsa ta gilashi, ban taɓa kula da shi ba.

"Na kakana ne," ya ce.

A nan ya ba ni labarin. Kakansa shi ne na ƙarshe da ya riƙe addinin gargajiya a unguwarsu, kuma a ɗakinsa Obadiya ya tashi, shi yake ɗaukar masa jaka in za su hau dutse. Mahaifinsa kuwa mai wa'azi ne a majami'a, ya sha baƙin ciki a kan cewa ya shiryar da rabin gari amma ya kasa shiryar da ubansa. Da tsohon ya rasu, mahaifin da ƙaninsa Elisha suka tattara duk kayan ɗakinsa a buhu biyu, suka yi addu'a a kai, suka ba Obadiya ya kai bayan gari ya ƙone.

"Na ƙona layu, na ƙona fatu, na fasa tukwane. Da na ɗago wannan sai na ji warin tabar Kaka a jikinsa. Na kasa. Na tura shi cikin tarin kara. Da na koma gida Baba ya ce, 'Duka ka ƙona?' Na ce, 'Duka.' Ya dafa kaina ya sa mini albarka."

Bayan wata uku ya ba Farfesa Umar ƙahon a ɓoye, ya roƙe shi kada ya rubuta sunansa. Shi ya sa a rajista aka sa "kyautar wani mazaunin garin". Mahaifinsa ya rasu shekara goma sha shida da suka wuce bai sani ba. Ko Cecilia ba ta sani ba.

"Bappa Elisha da ganinsa zai gane shi. Shi ne babban dattijon majami'armu yanzu. Me zan ce masa? A gaban yaran garinmu, a gaban ɗalibai?" Ya kalle ni. "Ko za ki buga mini takarda, a ce an kai shi gyara?"

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma na ce, "Malam, in na buga, mun zama mu biyu ke nan. Ka mayar da shi inda yake. Gobe in Allah ya kai mu mu shiga wurin Dokta tare."

Dokta Abdulbaƙi ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Na ga shi ma hankalinsa ya tashi, don shekaranjiya ya tsaya a gaban jama'a ya ce komai da yardar masu shi aka karɓo.

"Malam Obadiya, abu mafi sauƙi shi ne in kulle shi a ofishina har baƙi su tafi. Ni zan yi wa Khairat bayani, ba za ta ja da ni ba. Amma ba zan yanke maka ba. Kakanka ne, bappanka ne. Ka je ka yi tunani zuwa Litinin."

Ran Litinin ya zo idonsa ja. Ya ce ya faɗa wa Cecilia bayan sun dawo daga sujadar Lahadi. Ta wuni ba ta yi masa magana ba, ba don ƙahon ba, sai don shekara ashirin da bakwai suna tare bai taɓa ɗaukarta wadda za a faɗa wa ba. Da ta huce sai ta ce masa, "In ka ɓoye shi bana, baɗi fa? Ɗalibai nawa suka ɗauki hotonsa a waya? Gara ya ji daga bakinka." Suka shirya cewa in bas ta iso ran Juma'a da yamma, za a sauki Bappa a gidansu, a ba shi abinci, ya huta, sannan Obadiya ya durƙusa ya faɗa masa a cikin ɗaki, su biyu. Ya ce wa Dokta a bar ƙahon a baje kolin.

Makon Al'adu ya fara. Litinin muhawara, Talata gasar girki, inda 'yan kudancin jiha suka cinye da gwaten acca, Laraba ƙwallo tsakanin malamai da ɗalibai aka lallasa malamai ci huɗu. Sashe ya cika da kiɗa da ƙamshin suya. Malam Obadiya yana cikin komai, yana ɗaukar benci, yana nuna inda za a kafa rumfa, amma in ka yi masa magana sai ka maimaita. Sau da yawa ina ganinsa shi kaɗai yana motsa baki, yana gwada abin da zai faɗa. Ran Alhamis jiri ya kwashe shi a kan matakala, aka kai shi asibitin makaranta, suka ce jininsa ya hau sosai, ya kwanta. Ya karɓi magani ya dawo aiki.

Ran Juma'a da la'asar direba ya bugo waya. Mota ta lalace kafin su kai Walgam, sai gobe da sassafe za su taso. Na je na faɗa masa. Ya ce, "To," ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge.

Asabar ya iso tun bakwai ya tsaya a bakin get, don ya tare su ya ja Bappa gefe. Tara ta yi, goma ta yi, babu mota. Wajen sha ɗaya ɗalibai suka zo suka janye shi da ƙarfi da yaji, wai sai ya sa babbar rigar da suka ɗinka masa kafin manyan baƙi su zauna. Yana cikin ofishina ana gyara masa hula muka ji ganguna. Bas ta shigo, ɗalibai sun tare ta da guɗa, kuma Khairat, wadda ba ta san komai ba, ta kama hannun tsohon ta wuce da shi kai tsaye zauren baje koli.

Ban taɓa ganin mutum mai shekara hamsin da biyar ya yi gudu cikin babbar riga haka ba. Na bi shi. Muna shiga muka tarar da Bappa Elisha tsaye a gaban teburin tsakiya. Gajeren tsoho ne cikin tsohuwar kwat, ya dogara da sanda. Masu rawa kusan ashirin suna bayansa, ga malamai, ga ɗalibai da wayoyi a sama. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙahon.

"'Yata," ya ce wa Khairat, "karanta mini takardar nan."

Ta karanta. "Ƙahon kiran ruwan sama. Walgam, 1995. Kyautar wani mazaunin garin."

"Ba na ruwa ba ne," ya ce. "Na buɗe girbin acca ne. In ba a busa shi ba, ba mai sa lauje a gona." Ya nuna jar wayar da bakin sandarsa. "Ni na ɗaure wannan. Ina ɗan shekara goma sha biyu na yar da shi ya tsage, babanmu ya zane ni."

Sannan ya juyo. Idonsa ya sauka a kan Obadiya, ya dube shi tun daga hula har takalmi. Ya yi magana da yarensu, gajeriya, ba tsawa. Obadiya ya durƙusa a kan siminti, riga ta baje, ya amsa da kalma ɗaya. Tsohon ya sake magana. Masu rawa suka sunkuyar da kai. Dokta ya yi wa ɗalibai alama suka sauke wayoyi. Daga baya Obadiya ya fassara mini. Tambayar farko ita ce, "Kai ne mazaunin garin?" Ya ce, "Ni ne." Ta biyu ba tambaya ba ce. Cewa ya yi, "Yayana ya sa maka albarka a kan ƙarya, ya tafi da ita kabari."

Na ɗauka taro ya watse ke nan. Amma tsohon ya juya ya ce wa mutanensa, da Hausa don kowa ya ji, "Rawa aka kira mu, mu yi musu rawa." Aka fita fili. Suka yi rawa mai kyau, mata da kacau-kacau a ƙafa, maza da gatura. Aka kira Malam Obadiya aka ba shi allon yabo, aka tafa, ya karɓa. Aka miƙa masa lasifika ya ce wani abu, ya ce, "Na gode," ya mayar. Bappansa yana zaune a layin gaba, bai tafa ba, bai kuma tashi ba.

Cecilia ta dafa abinci ta kawo a kuloli. Tsohon ya amsa gaisuwarta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, amma bai buɗe kular ba. Ya ce a kai shi barikin Shadawanka, wurin jikansa soja, can zai kwana.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, ran Litinin da safe sai ga tsohon a keke napep. Bai bi bas ɗin da ta mayar da mutanensa gida ba. Ya ce a kira masa yarinyar nan mai karatu. Khairat ta zo idonta a kumbure, don tun Asabar take kuka tana cewa ita ta jawo. Ya ce, "Ke me kika yi? Kawo takarda. In za ku ajiye abu, ku ajiye shi da gaskiyarsa." Ya zauna a ɗakin kayan awa biyu da rabi, ita da Dokta suna rubutu suna ɗaukar muryarsa. Ya faɗi wanda ya harbo gwankin, da dutsen da ake hawa a busa, da irin busar, uku gajeru ɗaya doguwa, da shekarar da aka daina. Dokta ya tambaye shi ko zai busa sau ɗaya a ɗauka. Ya ce, "Na bar wannan tun kafin a haife ka." Ko taɓa shi bai yi ba. Duk tsawon lokacin Obadiya yana tsaye a bakin ƙofa. Inda Hausar tsohon ta gaza, sai ya faɗi kalmar da yare ba tare da ya waiwaya ba, Obadiya ya fassara daga baya, a ci gaba. Da zai tafi Obadiya ya ɗaukar masa jaka har bakin titi. Bai hana ba.

Labari ya riga tsohon isa Walgam. Cikin wata guda takardu biyu suka zo teburina. Ɗaya daga ƙungiyar matasan garin, suna neman a dawo musu da ƙahon kakanninsu, za su gina masa ɗaki. Ɗaya daga dattawan majami'a, suna cewa abin da aka fitar an fitar, kada a dawo musu da shi. Dokta ya kai maganar taron sashe, aka yi ta har sau uku. A ƙarshe aka rubuta yarjejeniya cewa ƙahon mallakar zuriyar kakan Obadiya ne, sashe ajiya kawai yake yi, duk ranar da garin ya haɗa baki a kan abu ɗaya za a bi. Aka aika musu su sa hannu.

Da Kirsimeti Malam Obadiya ya je gida, bayan ya yi sati yana cewa zai je, ba zai je ba. Ya ce wasu samari sun tare shi a tasha suna ɗaga masa hannu kamar wani gwarzo, abin ya fi zagi yi masa ciwo. Wasu tsofaffi kuma ya gaishe su suka kau da kai. Ya je gaida Bappa, ya durƙusa. Tsohon ya bar shi a ƙasa ya daɗe, sannan ya ce, "Rufin ɗakin ubanka yana yoyo." Kwana huɗu ya yi a kan rufin nan shi kaɗai. Ran da ya gama aka aiko masa da tuwo daga gidan Bappa. Na tambaye shi ko an yafe ke nan. Ya ce, "Ban sani ba, Malama. Tuwo dai na ci."

Da aka dawo hutu ya shigo da rajista ya ajiye a gaban Dokta. Ya bi ta shafi-shafi ya ware abu talatin da bakwai da ba a rubuta sunan wanda ya bayar ba, ko aka rubuta a dunƙule. Ya roƙi a bar shi, duk fitar da za a yi da ɗalibai, ya tafi da hotunansu ya tambaya. An yarda. Zuwa yanzu ya je gari biyar. A wani garin suka ce ba su ma san abin ba. A wani aka ce su bar garin kafin rana ta faɗi. A wani kuma wata tsohuwa ta ga hoton ƙwaryar auren uwarta ta fashe da kuka, ta ce a kawo mata, aka buga takarda, shi da kansa ya kai mata a kan cinyarsa.

Yarjejeniyar Walgam kuwa har yau ba ta dawo ba. Matasa sun sa hannu, dattawa sun ce sai bayan girbi, girbi ya wuce suka ce sai an yi taron shekara. Malam Obadiya yana shan maganin hawan jini safe da yamma, Cecilia takan bugo mini ta ce in duba ko ya sha na rana, in ce mata likita bai rubuta na rana ba, ta ce in dai duba shi. In wayarsa ta yi ƙara yakan ciro ta ya ƙura wa lambar ido, in ya ga ta gida ce sai ya shiga ɗaki ya tura ƙofa kafin ya ɗauka. Jiya ma an kira shi. Ya fito ya ce mini Bappa ne ba ya jin daɗi, ƙafa ta kumbura, an ce a kawo shi asibiti Bauchi, kuma tsohon ya ce a gidan Obadiya zai sauka. Ya nemi hutun kwana uku. Na buga masa takardar, Dokta ya sa hannu, Malam Obadiya ya ba ni makullin ɗakin ya ce in leƙa bayan kabad na uku, ya ga alamar gara.